Faifan Makulli da Idon Inna

Akwai abin da mutum ke mantawa don ya huta, akwai wanda shekaru ke share masa ko bai so ba. Wannan da zan ba ku labari ya ƙi shiga ko ɗaya. Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan manta shekarar da na yi ta zarya a cikin Sakkwato da wani ɗan baƙin faifai a jaka ba, ina roƙon mutane su bar ni in ɗauko wa mahaifiyata littattafan da ɗanta ya saya mata da guminsa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina cin abinci, sai in ture kwanon.

Lokacin mulkin soja ne, can wajen ƙarshensa, sa'ad da ake cewa ƙasarmu na da arzikin mai amma mota sai ta yi kwana da kwanaki a layi ba ta samu ba. Ni ce auta a ɗakinmu. Ina aure a Arkilla, ina aikin buga takardu a sakatariya, kuma ina cikin matan farko da aka tura koyon kwamfuta. Wannan ya sa duk danginmu suka ɗauka ni na ƙera ta. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Ƙofar Marke. Malama ce, a wajen mahaifinta ta yi karatu. Tun da na yi wayo nake ganin matan unguwa na cika tsakar gidanmu da hantsi, kowacce da littafinta a naɗe cikin zane, Inna na zaune tana biya musu, tana yi tana tsawata wa masu hira a baya.

Sai ido ya fara yi mata gardama. Ta riƙa kai takarda kusa da hanci, ta riƙa fitowa tsakiyar rana don ta ga baƙi. Da muka kai ta asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce ba yana ba ce balle a kankare, ciwo ne da ke cin jijiyar ido. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma shi ma a kan hanya yake. Na ce yaushe? Ya ce Allah kaɗai ya sani, amma in akwai abin da take son gani, ta gani yanzu.

Akwai kuwa, kuma duk gidan mun sani. Wani babban sharhi ne na fiƙihu mai mujalladai da yawa, wanda ta fara a gaban mahaifinta tun kafin a haife ni. Na farkon kaɗai suka mallaka. Na ƙarshen ba su taɓa zuwa hannunta ba, duk da saƙon da ta sha bai wa alhazai da fatake. Mahaifinta ya rasu bai sauke shi ba, ita kuma ta ɗaura wa ranta sai ta sauke shi da idonta. Ba ta son a karanta mata. Takan ce wanda aka karanta wa ya ji labarin littafi ne kawai, bai gan shi ba.

A shekarar nan babban wanmu, Yaya, ya je aikin Hajji, ya dawo da wani kwali mai kyau. A ciki akwai faifai mai ƙyalli irin na kwamfuta, wai ɗakin karatu guda ne a cikinsa: tafsiri, hadisi, fiƙihu, har da sharhin nan na Inna daga farko har ƙarshe. Ya haɗa mata da kwamfuta ta hannu, wadda aka taɓa amfani da ita, da ya sayo a Kano, muka ajiye a kan tebur a ɗakinta, aka aika a kira ni. Na saka littattafan, na buɗe mujalladin da ba ta taɓa gani ba, na yi ta ƙara girman rubutun har kowane baƙi ya kai ɗan yatsa. Inna ta matso ta ƙura ido. Na ga leɓenta na motsi. Ta karanta layi guda, ta karanta na biyu, sai ta dafa kafaɗata da ƙarfi.

"Ke auta," ta ce, "wanga abu mutane sunka yi shi ko aljannu?"

Na ce mutane ne, Inna. Ta yi dariya har da hawaye. Na ɗiga jan farce a kan maɓallai biyu, na gaba da na baya, na ce waɗannan kaɗai ne nata, kada ta taɓa sauran. Tun daga ranar, in akwai wuta, ba a samun Inna a tsakar gida. Ɗalibanta har ƙorafi suka riƙa yi wai akwatin nan ya ƙwace musu malama.

To, amma a cikin kwalin akwai wani abu na biyu, shi ne tushen baƙin cikina. Ɗan faifai ne baƙi mai kusurwa huɗu, irin wanda muke kira filofi a ofis, shi ne makullin littattafan. Masu sayarwa sun zuba izini uku a cikinsa. Duk kwamfutar da aka saka wa littattafan sai ta ɗauke izini ɗaya ta riƙe. In kana son izininka ya dawo, sai ka je gaban wannan kwamfutar da kanta, ka zura mata makullin, ka umarce ta ta mayar. In ta lalace ko aka wanke ta, wato aka goge duk abin da ke cikinta, kafin ka yi haka, izinin ya bi ta, ba kai ba shi har abada. Da na gane haka, hankalina bai kwanta ba. Na tafi da makullin ofis na kwafe shi a kan wani sabon filofi, don a samu na ajiya. Komai ya kwafu a ido, amma da na gwada sai kwamfutar ta ce ba ta san wannan ba. Sun yi masa wani ƙulli da ba ya bin kwafi.

Na zo na yi wa Inna bayani dalla-dalla. Na ce mun ci ɗaya, saura biyu, a ɓoye su saboda gaba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Littahin da ba a juyawa? Wanga kuma wane irin littahi ne?"

Sai kun san gidanmu za ku gane tambayar. A gidan kakanmu ba a hana littafi. Mutum zai taso daga Gwandu ko Wurno da takardunsa da tawadarsa, ya sauka a zaure, a ba shi littafi ya yi ta juya shi da hannu har ya gama, ana kai masa tuwo safe da yamma, ba a san ma daga wane gida ya fito ba. A wajen Inna, a ce wani ya zo neman littafi an ce masa babu alhali akwai, abin kunya ne da ya fi a kama ka da sata. Da haka ta girma, da haka ta tsufa. Ni kuma ga ni da bayanin izini uku.

Labari ba ya kwana a Ƙofar Marke. Wanda ya fara zuwa shi ne Kawu, ƙanen Inna, babban ma'aikaci a wata hukumar gwamnati da ke kula da makarantun Arabiyya. Tun zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa yake aiki, ofishinsa har da kafet da na'urar sanyi da sabuwar kwamfuta da ba a san abin da za a yi da ita ba. Ya zauna ya kalli littattafan, ya yi ta jinjina kai, sannan ya ce, "Adda, ai wanga ya kamata a ce akwai shi ofishinmu. Malamai nawa za su amfana!"

Na yi caraf na ce, "Kawu, ba ya yiwuwa. Izinin ƙidayayye ne."

Inna ta juyo wajen da muryata ta fito. "Ke da wa? Da ke anka yi magana?"

Na ce, "Inna, in taki ta lalace fa?"

"In ta lalace Allah ya lalata ta. Tashi ki kai mishi."

Na tashi na kai, ina tafe ina ƙunƙuni. Ni da hannuna na saka a kwamfutar Kawu, na ja masa kunne kada kowa ya taɓa ta ba tare da an gaya mini ba. Ya ce haba auta, sai ka ce wani yaro.

Ba a daɗe ba na biyu ya zo. Ɗan maƙwabtanmu ne, magidanci, yana da shagon buga takardu a bakin kasuwa inda ɗaliban jami'a ke kai aikinsu. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce ɗalibai masu nazarin addini na wahalar neman littattafai, in aka saka a shagonsa sadaka ce mai gudana. Wannan karon na buɗe murya sosai, har matan da ke tsakar gida suka yi tsit. Na ce wannan ne na ƙarshe, in aka ba da shi makullin ya zama fanko. Na ce Yaya bai sha wahalar ɗauko shi don kasuwa ba. Na ce idonki fa, Inna, idonki! Ta bar ni na gama haki, sannan ta ce a hankali, "Uwarshi ta yi karatu gabana. In ce mishi mi? In ce ɗiyata ta hana?" Na ɗauki makullin na bi shi kasuwa. Da na gama na gaya masa sau biyu, da Hausa ƙarara, kada ya kuskura ya wanke kwamfutar nan sai ya kira ni. Ya ce in sha Allahu.

Watanni suka wuce lafiya. Inna ta cinye mujalladi guda, ta shiga na ƙarshe. Duk ranar da na je sai ta tare ni da abin da ta gano, wata mas'ala da ta yi shekaru tana tambayar malamai, ashe ga ta nan an warware. Ta yi ƙiba, wallahi. Ban taɓa ganin tsohuwa mai murna irin ta wancan lokacin ba.

Rannan da damina, da la'asar, hadari ya taso da iska. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da wani irin ƙarfi da ya fasa ƙwayayen lantarki a gidaje da dama na unguwar. Inna na zaune a gaban kwamfutar. Ta ce ta ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, sai wari. Mai gyara ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce cikinta ya toye ƙurmus, har inda take ajiye abin da aka zuba mata. Izinin Inna ya ƙone tare da ita.

Yaya bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya nemo wata kwamfutar. Na zura faifan littattafan, na zura makulli, sai ta rubuto mini cewa babu sauran izini. Ga littattafai a hannuna, lafiyarsu lau, faifan ko ƙwarzane babu, amma ba su buɗuwa. Na ce wa Inna kada ta damu, gobe zan karɓo ɗaya daga cikin biyun da muka ba da aro.

Da safe na hau kabu-kabu na nufi kasuwa. Tun da mai shagon ya hango ni na ga ya fara sosa ƙeya. Ashe tun kwanakin baya wata cuta ta shiga kwamfutarsa, ta riƙa cinye aikin ɗalibai, ya kira wani ya wanke ta tas. Ya ce shi ya ɗauka in an tashi sai a sake sakawa, kamar yadda ake yi da sauran abubuwa. Na ce ban gaya maka ba? Ban gaya maka sau biyu ba? Ya ce wallahi ya sha'afa, a yi haƙuri. Abin da na faɗa masa a bakin shagon nan ba zan maimaita a nan ba, amma masu sayar da atamfa na layin sun fito kallo. Faɗan bai dawo da komai ba. Saura izini ɗaya tak a duniya, yana ofishin Kawu.

Ban ko koma gida ba na wuce can. Tun daga nesa na ga motar soja a bakin ƙofa, ma'aikata a tsaye cirko-cirko a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ashe a makon nan sabon gwamnan soja ya rushe shugabancin hukumar, ya kafa kwamitin bincike a kan wasu kwangiloli, ya ce a kulle ofisoshin manya har sai an gama. A rediyo Kawu ya ji an yi masa ritaya. Kunya ta sa ya tattara ya koma gonarsa a ƙauye, ko sallama bai yi wa Inna ba. Ƙofar ofishinsa na hango an sa mata kwaɗo biyu, an manna takarda mai hatimi.

Na je wajen sojan da ke gadi na gaishe shi da ladabi. Na nuna masa ɗan faifan, na ce ba zan ɗauki komai ba, ba zan buɗe takardar kowa ba, kwamfuta kawai zan kunna in karɓi abin mahaifiyata in fito. Ya karɓi faifan ya juya shi gaba da baya.

"Mene ne a ciki?"

Na ce, "Babu komai a ciki, ranka ya daɗe. Abin da zan saka a ciki yana can ɗakin."

Ya kalle ni kamar mai taɓin hankali. "Madam, ba shiga. Oda ne."

Na ce littattafan addini ne, tsohuwa ce idonta ke mutuwa. Ya miƙo mini faifan ya ce ko na wane ne, ba shiga, in kuma ya sake ganina a kusa da ƙofar zai ɗauka takardun bincike na zo sacewa.

Daga nan aka shiga zarya. Na rubuta wa sakataren kwamitin takardar roƙo, aka ce in dawo. Na dawo aka ce ya yi tafiya. Na sake dawowa aka ce sai shugaban kwamiti ya sa hannu, shi kuma babban soja ne da ba a ganinsa. Duk wanda na yi wa bayani sai ya tambaye ni, to in littattafan suna hannunki, me kike nema a ofishin? In ce izini. Ya ce izinin wa? In ce na masu sayarwa. Ya ce ba saye kuka yi ba? In ce saye muka yi. Sai mu tsaya muna kallon juna. Na gaji da wannan bayani har na ji na tsani bakina.

Yaya kuma ya bi ta nasa ɓangaren. Ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Umra saƙo ya nemi inda aka sayo kwalin. Mutumin ya dawo ya ce shagon ya koma na sayar da turare. Ya dai samo lambar wayar kamfanin, muka yi layi a gidan waya har muka same su. Suka ce mu aika musu da makullin ta gidan waya su duba, in sun gamsu za su aiko da sabo. Yaushe? Ba su sani ba. Na zauna na yi tunani. A lokacin nan wasiƙa ma ɓacewa take yi tsakanin Sakkwato da Kaduna, balle ƙetare. In na aika ya ɓace, ko an buɗe ofishin Kawu ba ni da abin karɓar izinin. In na riƙe, ban san ranar buɗewa ba. Na riƙe. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini.

Duk wannan abin da ake yi, idon Inna bai tsaya jiran kowa ba. Da farko in na shigo takan ce ga auta da jan mayafi. Daga baya ta daina faɗin launi. Na lura ta fara bin bango in za ta fita alwala, tana yi kamar gyara tabarmar da ke jingine take yi. Magani muna ɗigawa a kan lokaci, ba mu fasa ba. Kullum na sa ƙafa a ɗakinta tambayarta ɗaya ce: "An buɗe?" In ce saura kaɗan, Inna. Sabuwar kwamfutar na kan tebur an rufe ta da zane, babu abin da take tsinana wa kowa.

Wata rana haushi ya ci ni, na ce mata da kin ji maganata da yanzu kin sauke. Ta ce, "Awo, da na sauke." Ba ta ƙara ba, ba ta ce ta yi nadama ba, ba ta kuma ce ba ta yi ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ina jin haushin mutanen da ban taɓa gani ba a wata ƙasa, waɗanda suka zauna suka ƙirga wa tsohuwa sau nawa za ta buɗe littafin da aka saya mata.

Damina ta wuce, aka yi girbi, zafi ya sake kamawa. Wadda Allah ya sa ta taimake ni wata Madam ce 'yar Filato, Kirista, mai kula da sito a hukumar. Ta sha ganina zaune a kan benci har ta san fuskata. Rannan ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, wai me ke kawo ki kullum?" Na ba ta labari. Ba ta fahimci zancen izinin ba, ta faɗa mini gaskiya, amma ta ce ita ma babanta ya makance kafin ya rasu, ta san abin. Ta ce kwamiti ya ba da umarni a buɗe ofisoshin a ƙidaya kayan ciki, kuma za ta buƙaci mai buga takarda. Ta sa aka aro ni daga sakatariya.

Ranar da aka fasa hatimin ina bayanta da takardu a hannu, makullin na cikin lalitata. Ɗakin na wari, kafet ya yi fumfuna, amma kwamfutar na nan inda na bar ta. Babu wuta. Muka ƙidaya kujeru, muka ƙidaya labule, Madam na ta jan aikin da gangan, tana sa a sake ƙirga abin da aka riga aka ƙirga, sojan da ke tsaye a kanmu na ta tsaki. Sai bayan azahar fanka ta motsa. Madam ta ce wa sojan dole a kunna kwamfuta a tabbatar tana aiki kafin a rubuta ta. Na kunna. Ta tashi. Na zura makullin na ba ta umarni, ta yi ɗan gurnaninta, ta rubuto cewa izini ɗaya ya koma. Na zare shi na damƙe. Madam ta dube ni, na gyaɗa kai, ta ce, "Je ki, zan ƙarasa."

Ban san yadda na isa Ƙofar Marke ba. Na tarar da wuta, na ce Alhamdu lillahi. Tun daga zaure nake kiran Inna, an buɗe, an buɗe! Na yaye zanen, na kunna kwamfutar, na saka littattafan, ta karɓa ba gardama. Na nemo mujalladin ƙarshe, na kai babin da ta tsaya, na ƙara girman rubutun fiye da yadda na taɓa yi, har kalma uku suka cika gilashin kwamfutar. Na kamo hannun Inna na zaunar da ita a kujerarta, na matso da ita dab. Ta gyara zama, ta gyara lulluɓi, ta yi bisimilla, ta fuskanci gilashin. Na koma gefe ina jiran in ga leɓenta ya motsa.

Can sai ta ce, "To kunna mana, auta."

Ta sake cewa, "Ko wutar ta tahi?"

Na ce, "A kunne take, Inna."

Ta ɗaga hannu tana lalube har ta taɓa gilashin. Ta shafa shi daga dama zuwa hagu, yadda ake bin layi. Ta bar tafinta a kai, ta daɗe. Sannan ta sauke hannun ta ɗora a cinya, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ce in mayar da ita kan gado, kanta na ciwo.

Ba ta sauke littafin ba. Manyan ɗalibanta sun yi ta roƙo su riƙa karanta mata abin da ya rage, ta yarda sau ɗaya ko biyu don kada ta ba su kunya, daga nan ta ce a bari. Karatun tsakar gida ma ya riƙa ja da baya har ya mutu. Ta rayu bayan haka 'yan shekaru, ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Da kwamitin ya gama aikinsa ba a sami Kawu da laifin komai ba, ya zo ya gaishe ta, suka yi hirar gona.

Abin da wannan ya koya mini ba mai daɗi ba ne, amma zan faɗa. Abin da ka saya, in wani ne ke ƙirga maka sau nawa za ka buɗe shi, ba naka ba ne, haya kake yi ba a gaya maka ba. Yanzu 'ya'yana da jikokina a waya suke sayen littattafai, kuma ƙullin na nan, kaya kawai ya sake. Duk wanda ya zo yana mini murnar ya sayi littafi, sai na tambaye shi waya nawa aka yarda ya saka wa, kuma in wayar ta faɗa ruwa ina zai kai kuka. Ba na barin kowa a gidana ya sayar da waya ko ya kai ta a wanke sai ya fara janye izininsa. Suna cewa na cika mita. Ban hana su ba da aro ba, ba ni da wannan bakin, amma nakan ce su tabbatar sun bar wa kansu ɗaya. Kuma in akwai tsoho a gida da ke son ganin wani abu, a ajiye komai a nuna masa yau. Ni na kawo wa uwata littafinta har gaban fuskarta, ta tambaye ni ko an ɗauke wuta.